Da wanne za ka rubuta shafin jagorar manhajarka (wanda umarnin `man` ke nunawa): man, mdoc, scdoc ko pandoc?

Duk wanda ya rubuta manhajar layin umarni a Linux ko BSD, ranar da wani zai buga `man` ya bi shi da sunan manhajar tana nan tafe. Al'adar ta tsufa, don tun Nuwamban 1971 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fitar da jagorar Unix ta farko a Bell Labs, amma har yau nan mai gyaran saba (server) yake dubawa idan abu ya rikice kuma intanet ya ɗauke. Kayan da zan kwatanta duk kyauta ne. Da lokaci ake biya: naka, na wanda zai gaje ka a aikin, da na masu haɗa fakiti a Debian ko Alpine.

Abu ɗaya ka riƙe tun farko. Ko da me ka rubuta, abin da zai sauka a `/usr/share/man` rubutun roff ne, wato tsohon yaren tsara rubutu na Unix. Biyu daga cikin zaɓin, man da mdoc, roff ɗin ne kai tsaye. Sauran duk juyawa suke yi zuwa gare shi.

Man, wato salon rubutun ba umarnin `man` ba, shi ne dattijo, ya zo da Unix bugu na 7 a 1979. Umarninsa kaɗan ne: `.TH` kan shafi, `.SH` kan sashe, `.B` harafi mai kauri, `.I` na jirge, `.TP` na jeri. Cikin yini guda za ka koye shi, kuma babu na'urar Unix da ba ta karanta shi. Da shi ake rubuta shafukan aikin man-pages na Linux, waɗanda Michael Kerrisk ya riƙe tun 2004 kafin Alejandro Colomar ya karɓa. Rauninsa shi ne kamanni kawai ya sani. Ka ce "wannan ya yi kauri", shi ke nan. Bai san ko zaɓin umarni ba ne ko sunan fayil. Ga layin taƙaita amfani na wata manhaja, mu kira ta `tace`:

```
.B tace
.RB [ \-v ]
.RB [ \-o
.IR fayil ]
```

Kowane baka da kowane kauri kai za ka sa da hannunka, kuma idan mutum biyar suka taɓa shafin, salo biyar za ka tarar. Lura da `\-` ɗin nan. Idan ka rubuta `-` zalla, groff, manhajar GNU mai karanta roff, na iya fitar da wata alama mai kama da ita wadda ba ita ba ce, sai mai karatu ya kwafi umarni ya liƙa ya ƙi aiki. Wannan ya tayar da ƙura sosai bayan fitowar groff 1.23 a 2023.

Mdoc ya fito daga Berkeley, aikin Cynthia Livingston, ya fara bayyana a 4.3BSD-Reno a 1990. Shi ma'ana yake tambaya. Ga layin ɗazu:

```
.Nm tace
.Op Fl v
.Op Fl o Ar fayil
```

`Fl` zaɓi ne, `Ar` abin da ake ba zaɓin, `Op` kuma yana nufin ba dole ba ne. Bakan, da kaurin, da alamar da ta dace, na'ura ce za ta sa, kuma iri ɗaya a kowane shafi. Ga `Xr` na nuni zuwa wani shafi, ga `Ev` na sunayen saitin muhalli (environment variables) irin su `PAGER`. Amfanin wannan ba ado ba ne. A inda ake amfani da mandoc, manhajar nuna shafukan jagora da Kristaps Dzonsons ya fara a 2008, Ingo Schwarze kuma ke kula da ita, kana iya buga `apropos Ev=PAGER` ta lissafo maka duk shafin da ya ambaci wannan sunan a matsayin saitin muhalli. `mandoc -T html` zai ba ka shafin yanar gizo mai mahaɗai masu aiki, `mandoc -T lint` kuma ya nuna maka kurakuranka layi-layi. OpenBSD da FreeBSD da mdoc suke rubuta nasu, haka shafukan OpenSSH da ke kan kwamfutarka yanzu. Kada wani ya tsorata ka da cewa na BSD ne kaɗai, groff ma yana karanta shi a Linux.

Wahalar mdoc gaskiya ce. Umarninsa sun fi ɗari, duk haruffa bibbiyu ko uku-uku, kuma sai ka saba da ware aya da waƙafi da sarari a ƙarshen layin umarni. Amma kamar ishirin ne ake amfani da su kullum. Buɗe asalin fayil ɗin `ssh.1` na OpenSSH ka ajiye a gefe, ka riƙa kwaikwayo. Ni nan na tsaya, kuma shi nake ba duk wanda manhajarsa ke da zaɓi da yawa ko kuma take da laburaren C.

Ga wata matsala da ta shafe mu musamman, a man da mdoc duka. A roff, layin da ya fara da aya ko da alamar `'` umarni ake ɗaukarsa. Ka fassara shafi zuwa Hausa, layi ya fara da "'yan" ko "'ya'ya", sai layin ya ɓace ɗungurungum ba tare da ka ankara ba. Maganinsa ka sa `\&` a gabansa. Haruffan ƙ, ɗ da ɓ kuwa, mandoc na karanta UTF-8 kai tsaye, groff kuma sai an bi ta `preconv`, wato zaɓin `-k`, idan kai kake kiran sa da kanka.

Idan ka san abokan aikinka ba za su taɓa roff ba ko da me, to ka dubi scdoc na Drew DeVault, wanda sway, manhajar tsara tagogin allo, ke amfani da shi. Rubutunsa kamar Markdown ne, wato salon rubutu mai sauƙin alamomi: `#` kan sashe, taurari na kauri. Ƙarama ce ƙwarai, da C aka rubuta ta, ba ta jan wasu manhajoji a bayanta, don haka masu haɗa fakiti ba sa ƙorafi. Sai dai man take fitarwa, wato ka sayar da ma'anar nan ta mdoc ka sayi sauƙi. Ga ƙaramar manhaja mai shafi ɗaya ko biyu, cinikin bai ɓaci ba.

Pandoc na John MacFarlane yana juya Markdown da `pandoc -s -t man`, kuma yana yi da kyau. Damuwata nauyinsa ne. Da Haskell aka rubuta shi, kuma ka wajabta wa kowa sauke shi don shafi ɗaya kamar ɗauko tirela ne don kai buhun gero. Idan dole sai shi, ka juya shafin a wajenka ka sa sakamakon cikin kunshin da kake fitarwa. AsciiDoc, wani salon rubutun daban, ya fi dacewa da babban aiki mai son littafi da shafin yanar gizo da shafin man daga tushe guda. Hanyar da Git ya bi ke nan. Salon POD kuma na masu rubutu da yaren Perl ne, kodayake OpenSSL ma da shi yake rubuta nasa.

Sai help2man na GNU, mai tattara abin da `--help` da `--version` suka fitar ya mai da shi shafi. Ya fi babu, kuma yana hana shafin saɓa wa manhajar. Amma idan ba ka ƙara masa rubutu da hannu ba, babu misalan amfani, babu bayanin fayilolin saiti, babu ma'anar lambobin fita da manhaja ke bayarwa idan ta gama aiki, alhali su ne suka sa mutum ya buɗe shafin tun farko. Ka ɗauke shi mafari, sannan ka zauna ka rubuta waɗannan sassa uku da kanka kafin ka fitar da sigar gaba.