Kwana huɗu a kan Bagazam: sharhi kan ja-gora da kamfanin da ya haɗa mu da shi

A hutun ƙarshen watan Disamba ni da abokan aikina biyu muka tashi daga Tawa da niyyar taka dutsen Bagazam da ƙafa, bayan mun biya wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido na Agadas, wanda ya ɗauki alkawarin mota da ja-gora da jakuna da abinci da kayan kwana. Tun ina yaro nake jin sunan Bagazam a bakin tsofaffin Adar idan suna yabon dawakin Abzin, amma ban taɓa ganin wurin da idona ba.

Tafiyar mota ba ta buƙatar dogon bayani. Daga Tawa zuwa Agadas ta Abalak kusan kilomita 400 ne, daga nan kuma motar kat-kat ta kai mu Tabelot, garin masu noman albasa da ke gindin dutsen. Direba ya zo a kan lokaci, kuma kamfanin ya riga ya sanar da hukuma tafiyarmu.

Inda nake da ƙorafi shi ne abin da aka faɗa mana a ofis. An ce hawan ba zai wuce awa uku ba, kuma duk mai iya zuwa kasuwa da ƙafa zai iya. Mu dai awa shida muka yi kafin mu kai mashigin da ake bi a faɗa saman tudun, a kan wata siririyar turba mai tsakuwa wadda take karkacewa tsakanin manyan duwatsu, inda jaki da kansa yake tsayawa ya duba kafin ya ɗora kofato. Wanda ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu zai ji numfashinsa yana gajarta, domin ƙololuwar wannan dutse, Idukal-n-Tages, ta kai mita 2,022, kuma babu wurin da ya fi ta tsawo a Nijar. An kuma yi mana alkawarin bargo bibbiyu, sai muka tarar da guda ɗaya ɗaya, alhali sanyin hunturu a can sama ba irin na Tawa ba ne. Da asuba ruwan alwala yana yankan hannu kamar aska.

Ja-goran ne ya fanshi kamfanin. Dattijo ne Ba'abzine, haifaffen ɗaya daga cikin ƙauyukan saman dutsen, yana jin Hausa sarai, kuma da ya ji cewa koyarwa nake yi bai ƙara kirana da wani suna ba sai Mushe, kamar yadda ake kiran malamin makarantar boko a Nijar. Bai taɓa gaggauta mu ba. Da ya ga ina haki ina neman in zauna a rana, sai ya ce: "Mushe, daure ka ƙara taku kaɗan, akwai inuwa a gaba, idan ka zauna nan ƙafafunka za su yi sanyi su ƙi tashi." Ya san inda ruwa yake kwanciya a cikin kwazazzabo, ya san wanda ake sha da wanda ake bar wa dabbobi, kuma shi ne ya sa muka tashi tun bayan sallar asuba don mu ƙetare mashigin kafin rana ta take. A daren da sanyi ya fi tsanani ya shiga gidan ƴan uwansa ya aro mana barguna, bai kuma nemi ko dala a kai ba.

Abin da ban zata ba shi ne abin da ke bayan mashigin. Mutum yana gama fama da baƙin dutse sai ya tarar da fili da garake kore shar, an shuka dankalin Turawa da tafarnuwa da albasa da tumatir, ga itatuwan lemu da ɓaure. Tsakanin ƙauye da ƙauye tafiyar awa biyu ko uku ce, kuma a hanya mukan kauce wa jakunan da ke sauka da buhuna zuwa kasuwa. Ganin yarinya ƴar shekara goma tana kora su a kan turbar da ta kusa sa ni kuka ya rage mini alfahari ƙwarai. Abinci kuwa babu laifi: shinkafa da taliya, cuku da dabino, da gurasar tagella da ake gasawa cikin rairayi da garwashi, sai shayi zagaye uku bayan kowane zango.

Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, kuma takalmin da na saya sabo don tafiyar ya yi mini kanta a dunduniya, wanda wannan laifina ne, ba na kowa ba. Duk mai niyyar zuwa ya ɗauki takalmin da ƙafarsa ta saba da shi, da rigar sanyi mai kauri, da bargonsa na kansa, ya kuma tambayi halin tsaro a Agadas kafin ya biya kuɗi. Kamfanin zan iya sake hulɗa da shi idan ya rubuta alkawuransa a takarda. Dattijon kuwa na karɓi lambarsa, kuma mun yi magana cewa idan Allah ya kai mu baɗi zai bi da mu ta wata turbar.