Wane Kwanflas da Wane Mayen Ƙarfe Za Ka Saya Kafin Gwajin Ayon a Aji?

Duk malamin kimiyyar da ke son ɗalibansa su ga ƙarfe da idonsu a cikin abincin karin kumallo, to ya san tun a kanti ake cin nasara ko a faɗi. Ni na taɓa faɗuwa. Na sayi garin kunun jarirai mai tsada saboda gaban kwalin ya cika baki da ayon, wato sinadarin ƙarfe, muka dama, muka yi ta yawo da mayen ƙarfe a kansa, ko ɗigo bai fito ba. Yara arba'in suna kallona, ni ina kallon leda.

Laifin nawa ne, ban juya bayan kwalin ba. Ayon ɗin da kamfanoni ke ƙarawa iri biyu ne. Akwai garin ƙarfe zalla mai laushi, wanda ake rubutawa "reduced iron" ko "electrolytic iron" a jerin kayan haɗi. Shi ne mayen ƙarfe ke ja. Akwai kuma wanda aka haɗa da wasu sinadarai, irin su "ferrous fumarate" da "ferric pyrophosphate". Waɗannan suna da amfani a jiki, amma a gwajinmu ba za su nuna fuska ba. In kwali ya ce "iron" kawai, sayi ƙarami ka gwada a gida tukuna.

Sai yawa. Wani abincin karin kumallo irin kwanflas mai suna Total na Amurka yana da ayon miligiram 18 a awo ɗaya, shi ya sa malaman can suke ji da shi, sai dai samunsa a nan aiki ne. Kellogg's Corn Flakes na Ingila yana da miligiram 8 a giram 100. Wannan ma ya isa, in dai ba ka yi rowa ba: zuba kofi biyu ko uku. Ka guji mai cakulan da mai zabibi, domin baƙin garin ɓacewa yake a ruwa mai duhu.

Inda ya kamata kuɗinka ya tafi shi ne mayen ƙarfe. Na manna wa firji ba ya tsinana komai. Baƙin zoben da ke bayan lasifika, wanda mai gyaran rediyo zai ba ka a araha, yana ɗan taɓukawa in kana da haƙuri. Gwanin shi ne ɗan ƙaramin mai ƙyalli kamar azurfa, wato niyodimiyam, kuma masu gyaran kwamfuta suna ciro shi daga tsohon "hard disk", wato ma'ajiyar bayanan kwamfuta. Amma kada ya bar hannunka. Yana matse yatsa, kuma in yaro ya haɗiye guda biyu suna iya manne hanji.

Daka kwanflas ɗin a turmi, zuba a farar leda mai zif, ƙara ruwan ɗumi, ka bar shi kamar minti 30 ya zama kamar koko. Ɗora ledar a kan mayen ƙarfen, ka jujjuya a hankali, sannan ka kifa ta ba tare da ka raba su ba. Za ka ga ɗan baƙin abu kamar kwalli yana bin hannunka.

Shirya wa tambayar da dole wani ya yi: "Malam, ashe ƙusa muke ci?" Ruwan asid na ciki ne ke narkar da garin, jiki ya ɗauki wani kaso ya gina jan jini da shi.