Rigakafin yara: bin gida-gida ko zuwa asibiti?

A Daura, ma'aikaciya mai akwatin sanyi tana kai ɗigon shan-inna har tsakar gida, ba kuɗin mota. Sai dai maigida kan tare zaure: zazzaɓin cizon sauro sai mun sayi magani, wannan kuwa kyauta? Tun gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996 zargin da ake wa rigakafi bai kwanta ba, kuma minti biyu a bakin ƙofa ba sa kwantar da shi.

Asibiti ya fi, a ganina. Likita na buɗe katin rigakafin yaro, ya faɗa wa uwa allurar mako 6, 10 da 14 kan kawo ɗan zazzaɓi, ta ƙyanda sai wata 9. Wadda aka yi wa bayani takan dawo, in miji ya bari.