Gas ko gawayi: wanne za ka saya don gashin nama a gida?

Malam, ka ce kana son sayen abin gashi kafin Babbar Sallah don ka daina kai naman layya wurin mahauta, kuma ka rasa wanda za ka ɗauka tsakanin mai gas da mai gawayi. Ka ce ku goma ne a gida, kuna da tsakar gida, kuma bayan sallah sai jefi-jefi za a riƙa gasa kaza ko kifi. In dai haka ne, mai gawayi nake ba ka shawara. Sai dai na gas ma yana da wurin da ya fi, don haka ga su nan gefe da gefe.

Mu fara da ɗanɗano, tunda a nan gardamar take. Mutane da yawa sun ɗauka gawayin ne da kansa yake ba nama ƙamshi. Gawayin da ya ruru ya zama garwashi kusan ba ya hayaƙi. Abin da ke faruwa shi ne kitse da romon nama suna ɗiga a kan garwashin, su ƙone, hayaƙinsu ya taso ya lulluɓe naman. Wannan shi ne ƙamshin da ke tsayar da mutum in ya bi ta gaban tukuba da magariba. Ga kuma zafin garwashi da ke dukan nama kai tsaye, ya soya bayansa da wuri kafin cikin ya bushe. Shi ya sa balangu da tsire, musamman in an barbaɗe su da ƙuli-ƙuli da yaji, suka fi karɓar gawayi. Na gas yana da ƙarafa ko duwatsu a saman wutar da kitse ke ɗiga a kai, yana ba da ɗan hayaƙi, amma bai kai ba. A kan kifi ko ƙirjin kaza marar kitse, bambancin kaɗan ne, in ba a faɗa maka ba da wuya ka gane. A kan haƙarƙarin rago kuwa, ko yaro zai gane.

Wajen sauƙi, gas ya yi gaba babu tantama. Ka murɗa, ka kunna, cikin minti 10 ya yi zafi, in ka gama ka kashe. Wuta ta yi yawa, ka rage ta nan take. Gawayi kuwa sai ka ba shi minti 20 zuwa 30 kana fifita, har sai farin toka ya rufe shi, sannan ka ɗora nama. Bayan an ci an sha, ga toka tana jiran mai kwashewa. Rage zafinsa ma dabara ce: ka tara garwashin a gefe guda, ka bar ɗaya gefen ba wuta. Ka fara soya bayan naman a wajen zafi, sannan ka janye shi gefe ya nuna a hankali. Wanda bai san wannan ba shi ne ke kawo kaza baƙa ƙirin a waje, jini a jikin ƙashi.

Batun kuɗi ba zan faɗi farashi ba, don kafin ka je kasuwa ya canza. Amma tsarin bai canza ba. Na gawayi, mai walda na unguwarku zai raba maka durom biyu, ya sa ƙafafu da waga, a kuɗin da bai kai ko kusa da na gas ba. Kada ka raina rabin durom: sanannen abin gashin nan na Weber da Amurkawa ke ji da shi, wani mutum mai suna George Stephen ya fara yin sa ne a 1952 ta hanyar raba wani ƙwallon ƙarfe biyu, irin wanda ake sawa alama a kan ruwa. Abin lura kawai, ka tabbata duron bai taɓa ɗaukar maganin feshi ko wani sinadari ba, ka ƙona cikinsa sosai kafin amfanin farko, kuma wagar ta kasance ba mai fenti ba.

Na gas galibi daga waje ake shigo da shi, kuma kuɗin bai tsaya a ranar saye ba. Matsakaici mai kan wuta uku, in an sake masa wuta duka, yana shan fiye da rabin kilo a awa, wato tukunya mai kilo 12.5 za ta yi maka kamar awa 15 zuwa 20. Wanda aka yi don kasuwar Amurka, kan tiyonsa ba ya shiga bakin tukunyar gas ɗinmu sai an canza. In kan wutar ya yi tsatsa bayan damina biyu, neman irinsa wani aiki ne. Ga mutumin da ke gashi sau biyu ko uku a mako, duk wannan ba komai ba ne, sauƙin ya biya shi. Kai da za ka kunna sau ƙalilan a shekara, sai dai ya zauna a lungu ƙura da gizo-gizo su toshe masa hanyar gas.

Haɗari kuwa kowanne da nasa. Gawayi yana fitar da iskar guba marar wari da ake kira kabon monoksaid, irin ta hayaƙin janareto. Kada a taɓa yin gashi a ɗaki, kicin ko gareji, ko da ana ruwan sama, kuma kada a shigar da ragowar garwashin ɗaki don jin ɗumi lokacin sanyi. Kada a hura shi da leda, roba ko fetur, duk warin a nama zai ƙare. Shi gas ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya. Ka shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo, in ka ga kumfa na tashi to akwai yoyo. A buɗe murfin kafin a kunna, tukunyar kuma a tsaye, nesa da wuta. Da a ce bene kake haya mai ƙaramar baranda da maƙwabta sama da ƙasa, da gas zan ce maka, don hayaƙi kaɗai ya isa ya haɗa ka da mutane.

Akwai abu ɗaya da ke sa ni jinjina wa masu gas. A yadda ake ƙona gawayi a rami a rufe da ƙasa, kilo ɗaya yana cin itace kilo 5 zuwa 10. Kuma gawayin da kowa ke nema, mai nauyi mai daɗewa, na ƙirya ne da marke, itatuwan da ke shekaru kafin su girma, wani lokaci har kaɗanya ba ta tsira. Gashin sallah da na jefi-jefi ba shi ne ke cinye daji ba, girkin yau da kullum ne. Don haka in akwai hali, gas ɗin ka ajiye shi a kicin wurin uwargida, inda ake kunna wuta sau uku a rana.

In za ka sayi gawayin, ɗaga buhun ka ji nauyinsa, ka duba ƙasa ko an cika shi da gari. Ka saya tun yanzu ka ajiye inda ruwa ba zai taɓa shi ba. Ka kuma gwada da kaza ɗaya kafin ranar, kada ka koyi sarrafa wuta a kan cinyar ragon layya.