Hattara da Masu Tallar Shimfiɗa Katako a Matakalar Bene

Jama'a, musamman masu gidan bene, a yi hattara. Akwai wasu da ke talla a Facebook da Instagram cewa za su cire kafet ɗin matakala su shimfiɗa katakon madaci ko na madobiya, a farashin da ko kuɗin katakon bai kai ba. Hotunan da suke sakawa yawanci na gidajen Turai ne, ba aikin hannunsu ba.

Ba sa guduwa da kafin alƙalami tun ranar farko, shi ya sa mutane ke sakin jiki da su. Za su zo da yara biyu su yaye kafet, aikin da ba ya cin wuni, su yayyanka shi yadda ba zai mayu ba, su bar ƙusoshi a tsaye da busasshen gam a kan siminti. Sai ogan ya dafe kai: "Alhaji, ai simintin nan ya lalace, matakan ma ba daidai suke ba, sai an ƙara kuɗi." Ga iyali na hawa da sauka, ga yara ba takalmi. Dole ka biya. Daga nan wani wayarsa ta daina shiga, shi ke nan.

Wanda ya dawo kuwa ya fi cuta. Abin da zai kawo garin katako ne da aka matse da gam, wanda ake kira MDF, an manna masa fatar katako a sama an shafa mai yana ƙyalli. Ana goge shi da ruwa sau kaɗan zai kumbura. Ko kuma ya kawo ɗanyen katako, hunturu na kamawa ya tsattsage ya lanƙwashe. Madobiya dai ta yi wuya tun da aka yi ta sare ta ana kaiwa Sin, wanda ya ce zai ba ka ita a arha ƙarya yake.

Kada a cire kafet sai katakon ya iso gida. Ka sa a yanka bakin falanki ɗaya a gabanka: katako na gaske za ka ga jijiyoyinsa har ciki, na bogi kuwa gari ne. Ka tambaye shi yadda zai yi da tsayin matakin farko da na ƙarshe, domin kaurin katako yana ƙara wa na ƙasa tsayi ya rage na sama, a nan tsofaffi ke tuntuɓe. Kafinta na gaske zai fito da awo, ɗan damfara zai ce "ba matsala".

Kuɗi kuma a biya kashi-kashi, a rubuce, da shaida, kuma sunan da ke kan asusun banki ya zama na wanda kuka yi ciniki da shi. In ya ƙi kai ka shagonsa ko wani gidan da ya taɓa yi wa aiki, ka sallame shi tun daga bakin ƙofa.