Shagunan buga takarda na Yelwa: a ba su PDF, a nemi ɗinki

Littattafan karatu sun koma cikin waya, amma shagunan kwamfuta da ke kewayen jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) a Yelwa da na Gwallameji kusa da Foli a garin Bauchi ba su rasa ciniki ba. Darasin da za a ja wa layi, a yi ta komawa kansa har jarrabawa, ya fi zama a takarda. Aikinsu na da sauri, sai dai kyansa ya dogara da abin da mai kawowa ya nema.

Babbar matsala ita ce fayil. In aka kai rubutun Hausa a Word, kuma kwamfutar shagon ba ta da irin harafin da aka yi amfani da shi, ƙ da ɗ da ɓ kan fito da wata siffa daban, wani lokaci ma akwati ne kawai. Larabci da ajami sun fi shan wahala, don wasulla kan goce daga kan baƙaƙensu. A mayar da shi PDF tun daga gida, a sa su buga shafi ɗaya a duba kafin a saki sauran.

A nemi firintar leza. Mai tawadar ruwa ta fi kyau a hoto, amma gumin hannu ko ɗigon ruwan damina ya isa ya dame rubutun. Takarda kuwa mai giram 80 (awon nauyin takarda ke nan), in gaba da baya za a buga. Mai 70 tana nuna rubutun bayanta, ido ya gaji da wuri. Shafi 200 gaba da baya falle 100 ke nan, kaurinsa kusan santimita 1.

A ɗauri ne yawancinsu ke kasawa. Sifayiral na roba yana da arha, yana buɗewa shimfiɗe, amma haƙoransa na karyewa cikin jaka, ramukan su yage. Gam zalla kuma zafin Maris da Afrilu kan sa ya saki fallaye. Ɗinkin zare da bango mai tauri ne ke jure shekaru, ko da za a jira kwana ɗaya ko biyu. A bar santimita 3 a gefen da za a ɗaure (na Larabci gefen dama ne, ana yawan mantawa), in ba haka ba ɗinkin ya cinye farkon layi.

Lokacin da ɗalibai ke kai furojet, wato kundin binciken kammala karatu, layi na tsawo, kuskure na yawa. Gara a je da sassafe, a ƙirga shafuka a gabansu kafin a ɗaure.