Laburaren unguwarmu a Kaliforniya

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya. Ka ce in faɗa maka abin da ke da arha a Amurka. Kusan babu. Ko aski sai mutum ya yi lissafi kafin ya hau kujera, haya kuwa ita ke lashe albashi. Inda na sara musu shi ne laburaren unguwa.

Katin aro kyauta ne, shaidar inda kake zaune kawai za ka nuna. Littafi yakan yi mako uku a hannunka, in babu mai jira a ƙara maka kwanaki, in babu shi a reshenku a kawo daga wani. Kyautar dai da sauran magana, don harajin gidaje ke riƙe da wurin, mai gida kuma ya riga ya cusa shi cikin haya. Ta fuska ɗaya mai hayar littattafan Hausa na bakin layinmu ya fi su: ya san abin da kowace matar aure ke so tun kafin ta aiko yaro. Nan sai ka tambayi kwamfuta.

Suna da wani tsari da aka faro a Seattle a 1998, gari guda ya karanta littafi guda, sannan a haɗu a tattauna. Namu ya faɗo kan The Kite Runner na Khaled Hosseini, wanda ya fito a 2003. Labarin Amir ne, ɗan attajiri a Kabul, da Hassan ɗan baran gidansu, ɗan ƙabilar Hazara da ake rainawa. Bayan shigar sojojin Rasha a 1979, Amir da mahaifinsa suka tsere, suka ƙare a garin Fremont na nan Kaliforniya. Ranar tattaunawar, Turawan da ke zauren, cin amanar abota da Amir ya yi wa Hassan ce ta dame su. Ni kuwa uban ne ya tsaya mini a rai, mutumin da ake miƙe masa a Kabul ya koma aiki a gidan mai. Irinsa nake gaisawa da su kowace Juma'a a masallaci. Wani dattijo ɗan Afganistan ya ce shi bai gamsu ba, an sayar wa baƙi raunin ƙasarsa ne. Aka saurare shi har ya gama, ba wanda ya katse shi.

Kada a ba kowa kilishi ya taho da shi, kwastan ba sa barin nama ya shigo. Yaji da kuka za a aiko. A gaida Hajiya.